Ranar da Na Shanya Teku a Karofi

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shanya teku a kan igiya ba, da rana tsaka, a karofin Ƙofar Mata, dattawa na tsaye suna yaba min ilimi. Har yau idan abin ya faɗo min a rai, ko ni kaɗai ne a mota, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. (Matata ta ce in daina ba da labarin nan a gaban yara, wai yana rage min kwarjini. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kwarjinin da ya rage min bayan wannan rana ba mai yawa ba ne.)

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula na gama jami'a. Duk bangon unguwa ya cika da hotunan 'yan takara, kowa ka gani yana da zance a baki. Ni kuwa nawa zancen ya fi na kowa, don an tura ni bautar ƙasa can kudu, wani ƙauye da ke cikin kwari, inda kogi yake ratsa daji ya gangara ya faɗa teku. Gidanmu gidan rini ne tun kakanni, kuma ni ne mutum na farko a gidan da ya yi digiri. Kada ku tambaye ni yadda nake tafiya a lokacin. Ko gaisuwa zan yi sai na gyara murya.

Wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina shi ne yayansa, Baffa Inuwa. Marini ne na gaske, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, ko sabulun duniya ba zai fitar ba. Shi ya yi min komai, shi ya hana a cire ni daga makaranta lokacin da sauran dangi suka ce boko ya isa haka. A lokacin da nake ba ku labari, yanar ido ta fara rufe masa idanu. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne yake ɗan gani da shi idan akwai rana sosai.

Ana gobe zan tafi ya kira ni bakin ramin rininsa.

"Ɗan boko," ya ce (haka yake kirana, kuma ni a lokacin na ɗauka sarauta ce), "an ce inda za ka akwai teku."

Na ce akwai, Baffa.

"Duk baƙon da ya zo karofin nan ya ga shuninmu sai ya ce kamar teku, kamar teku. Shekara da shekaru ina jin wannan magana. Ni ko Hajji ban je ba balle in hango shi daga jirgi. Ka ɗauko min hotonsa mai kala in gani da idona, tun wannan ɗayan bai bi ɗan'uwansa ba."

Da dariya ya faɗa, amma ni na san ba wasa yake ba. Na dafa ƙirji na ce ya sa a ransa ya riga ya gani.

Daga nan na wuce shagon Malam Sule mai hoto a Gwale, abokin marigayi mahaifina ne. Ya ara min wata ƙaramar kyamara, ya saka mata fim mai ɗaukar hoto talatin da shida, ya nuna min inda zan leƙa da inda zan danna. Ya ce idan ya ƙare in juya wani ɗan hannu har fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa, sannan in buɗe bayan kyamarar in cire, in kawo masa ya wanke. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, na ɗaga masa hannu.

"Malam Sule, digiri fa gare ni."

Ya dube ni ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Wallahi da na bar bawan Allahn nan ya ƙarasa maganarsa, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Gaskiya ƙasar nan ta kudu ta ba ni mamaki. Ni da na tashi a cikin ganuwa, inda babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu, sai ga ni a wurin da ruwa ke fitowa ta sama da ta ƙasa da ta gefe. Duk Asabar, idan babu makarantar da nake koyarwa, sai in rataya kyamara in shiga yawo. Akwai wani gandun daji da gwamnati ta keɓe a saman kwarin, bishiyoyinsa idan ka ɗaga kai za ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. A can na ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, fari fat, ƙararsa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Na ɗauka. Na ga wani tsuntsu mai baki kamar ayaba, na ɗauka. Na shiga kwalekwale, ina karanta duk addu'ar da na iya, muka bi ta cikin wasu itatuwa da saiwoyinsu ke tsaye a cikin ruwa kamar sun tattare wando. Su ma na ɗauka.

Na sha wuya a kan hotunan nan, ku shaida. Akwai ranar da na laɓe ina jiran wata biranya da ɗanta a baya ta juyo, ashe a kan layin kwarkwasa na tsaya. Sai da suka kai min cinya sannan na farga. Mai gadin dajin, wani dattijo mai adda a kugu, ya ga malamin makaranta yana tsalle yana tuɓe wando yana salati, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Amma ko a lokacin ban saki kyamarar ba, kuma biranyar ta juyo, na danna.

Hoto shida na ƙarshe na ajiye wa teku. Ranar da na je, sai da na yi tafiyar kusan awa biyu a bayan wata motar kifi. Na sauka, na haura wani tudun yashi, sai ga shi. Na daɗe a tsaye ban ɗaga kyamarar ba. Baffa kawai nake tunawa, ina cewa ina ma a ce yana nan. Sannan na ɗauki shidan nan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bisimilla. Na juya ɗan hannun nan kamar yadda aka koya min, na cire gwangwanin fim, ɗan harshensa ya rage a waje. Na naɗe shi a safa, na cusa a ƙasan akwati.

Da aka ba mu hutu na dawo Kano. Ko wanka ban yi ba na nufi shagon Malam Sule, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa ya ce ya bi wani sabon ɗan majalisa ƙauye ɗaukar hoton taro, sai jibi. To ni kuma tun daga tasha na riga na cika unguwa da labari. Duk wanda na gaisa da shi sai na gaya masa na zo da teku.

Washegari da hantsi na tafi karofi da gwangwanin a aljihu. Marina suka bar aiki suka kewaye ni. Na ba su labarin biranya (na cire wajen wando), na ba su na kwalekwale (na cire wajen addu'a). Baffa yana zaune a bakin raminsa yana murmushi, yana jin daɗi ɗansa ya dawo.

"To ina tekun?" ya ce.

Na fito da gwangwanin na ɗora masa a tafin hannu. Ya jujjuya shi, ya kai kusa da idonsa na dama.

"Duk yana cikin nan?"

"Duk, Baffa. Da dajin da birai da komai."

"Da kalarsa?"

"Da kalarsa."

"Tun yaushe yake a rufe?"

Na ce ya kai wata biyu. Sai ya ɗan ɓata fuska irin ta mai sana'a, ya ce, "Launi wata biyu a rufe bai sha iska ba? Ba zai lalace ba kuwa?"

Bari in yi wa wanda bai san rini ba bayani, don a nan masifar take. Idan ka tsoma yadi a ramin shuni ka ciro shi, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa. Sai ka buɗe shi ya sha iska, a gaban idonka zai juye ya zama shuɗi. Duk ɗan da aka haifa a gidan rini ya san wannan kafin ya san sunan unguwarsu: launi ba ya fitowa sai ya sha iska. Ni ma da shi na tashi. Ga shi kuma na sha ganin Malam Sule yana ɗaga dogon fim sama yana dubawa a hasken rana. Ban taɓa tambaya ba ko kafin wanki ne ko bayan wanki.

Tambaya fa kawai Baffa ya yi. Amsarta kuma ba ta da wuya, ban san ta ba ne kawai. Amma ga mutum kusan goma sun zuba min ido, ga digiri a kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai abin da ya kawo ni ke nan, Baffa. Dama sai ya sha iska kafin a wanke."

"Yawwa!" in ji wani dattijo daga baya. "Ashe su ma Turawan a wurinmu suka koya."

Na kama ɗan harshen nan na ja. Fim ya riƙa fitowa, ya riƙa fitowa, ya fi tsawon hannuna biyu. Rana kuwa ta take, irin ranar Kano da ba ta da kunya. Na nufi igiyar shanya, na matsar da wani zane, na rataye teku da daji da biranya a tsakanin rawuna biyu. Kowa ya matso yana leƙe. Babu komai a jiki sai wani launi kamar na ruwan kunu.

"Ba mu ga komai ba," wani ya ce.

"A hankali yake fitowa," na ce. Har da juya shi na yi, don ɗaya gefen ma ya samu. Ya fi awa guda a wurin, ina tsaye ina kore masa ƙuda.

Ranar da Malam Sule ya dawo na kai masa fim ɗin a naɗe cikin takarda, na ce ga shi nan, na ma rage masa aiki. Ya buɗe takardar. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wa ya zaro shi?"

"Ni. Na ba shi iska ne."

"Ka ba shi me?"

Da na yi masa bayani, sai ya juya min baya. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma daga ƙarshe sai da ya durƙusa ya riƙe ƙafar tebur. Da ya samu numfashi ya goge hawaye ya ce, "Ɗana, fim ko hasken ashana ya gani kafin a wanke shi ya ƙone. A ɗaki mai duhu ake buɗe shi. Abin da zan gaya maka ke nan ranar, ka ce min digiri gare ka."

Na roƙe shi ya gwada ko ɗaya zai tsira. Ya gwada don ya faranta min. Ko ƙafar biri ba ta fito ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da wauta ce kawai, a yi dariya a wuce. Abin da na yi bayan nan shi ne har yau nake jin kunyarsa.

Ina zaune a shagon na haɗa kai da gwiwa, sai idona ya faɗa kan labulen da Malam Sule yake tsayar da mutane a gabansa idan zai ɗauke su. Wani babban yadi ne da aka zana wa teku shuɗi shar, da bishiyar kwakwa biyu, da jirgin ruwa can nesa. Na miƙe tsaye.

"Malam Sule, ɗauke ni a nan."

Ya gane nufina nan take. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Rabin mutanen Gwale a gaban labulen nan suka yi hoton salla."

Na ce, "Baffa ba ya gani sosai, ba zai gane ba."

Haka na ce. Da bakina na faɗa, a kan mutumin da ya riƙe ni. Na yi ta magiya har Malam Sule ya gaji ya ce shi dai babu ruwansa. Na koma gida na sako kakin bautar ƙasa, na naɗe ƙafar wando kamar mai shirin shiga ruwa, na tsaya ina nuna jirgin da yatsa.

Bayan kwana biyu hoto ya fito. Da la'asar na kai wa Baffa a tsakar gida. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inda rana ta rage, abokan aikinsa uku sun biyo shi don su ma su gani. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya kai hoton dab da idonsa na dama, ya karkata shi wajen haske. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa zuciyata kamar ana bugun yadi a mabuga.

"Masha Allah," ya ce a hankali. "Ruwan kwance yake lumui."

"Ranar babu iska, Baffa."

"Ƙafarka ma ba ta jiƙe ba."

"Ban kai ga shiga ba."

Ana haka sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwarsu Baffa, wadda take zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Gwaggo mace ce da ba ta iya ganin abu ta bar shi. Ta leƙo ta kafaɗar Baffa, ta ce, "Mu gani." Ta gani. Ta juya ɗakinta. Na fara murna a raina. Sai ga ta ta fito da wani hoto a cikin gilashi, ta ajiye a kan tabarma kusa da nawa.

Ita ce a tsaye da mayafinta na salla da jaka a hannu. Ga kwakwa biyu. Ga jirgin ruwa, a daidai inda nake nunawa da yatsa.

"Ashe ni ma na je teku ban sani ba," ta ce. "Yaya, ka ga jirgin bai gusa ba shekara huɗu. Ko mai ne ya ƙare musu?"

Jama'a, tsakar gidan nan ta kaure da dariya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce shi ma akwai irin tekun a ɗakin matarsa. Matan gida suka fito daga ɗakuna. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ce ba da ita ba.

Baffa ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya sa babban yatsansa mai shuni a tsakiyar hoton.

"Asabe, da kin bari. Tun ɗazu na gani. Ga ɗinki nan ya ratsa tekun daga sama har ƙasa, ga kuma alamar ninki a gefe. Tun kafin a haifi yaron nan nake kama yadi. Ko da rabin ido na san yadi."

Ya sallami mutane, ya ce in zauna. Na zauna a gefen tabarma, kaina a ƙasa, na gaya masa komai, har abin da Malam Sule ya ce game da haske.

"To wancan ai da hannuna a ciki," ya ce, "ni na kawo maganar iska. Wannan bai dame ni ba. Amma wannan na biyun, cewa ka yi tsohon ba ya gani, ko?"

Ni da gemuna ya fara fitowa, na fashe da kuka kamar ɗan yaye. Na ba shi haƙuri ya fi sau goma. Na ce da na koma zan sake ɗauko wani. Ya ce Allah ya kai mu, amma daga muryarsa na san shi ma ya san idon ba zai jira ba. Kuma bai jira ɗin ba. Kafin in gama bautar ƙasa in dawo da hotuna na gaske, na daman ma ya rufe.

Amma a wannan yammacin bai bar ni na tashi ba. Ya kife hoton a kan tabarma ya ce, "Share hawayenka. Kai ka ga tekun, ko shi ma ƙarya ne?"

Na ce wallahi na gan shi.

"To gaya min. Kamar shuninmu yake?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce a bakin gaɓa ba shuɗi ba ne sam, ruwan toka ne da kumfa, har da datti. Idan ka ɗaga ido kaɗan sai ya koma kore. Can ciki ne yake yin shuɗi, shi ma ba ya tsayawa a launi ɗaya, gajimare na wucewa yake sauyawa. Na ce shunin raminsa ya fi shi kama jiki. Ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce dama ya yi zargin baƙin nan daɗin baki suke yi. Ya tambaye ni ƙararsa, na kwatanta. Ya tambaye ni warinsa, na ce kamar kasuwar kifi da aka yi wa yayyafi. Ya tambaya ko da gaske ba a shan ruwan, na ce na ɗanɗana, sai da na tofar.

"To ƙarshensa fa? Ina ya tsaya?"

Na buɗe baki. Akwai amsar littafi a kan harshena, da sunayen ƙasashe da komai. Sai na tuna abin da idona ya gani, ruwa ne kawai har inda ya haɗe da sama.

"Ban sani ba, Baffa," na ce.

Ya lalubo kaina ya dafa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Yau dai karatun nan ya fara amfani."

Tun daga ranar, duk wanda zai yi min bayanin abu, ko na ɗaura igiyar takalmi ne, ina tsayawa ya kai aya. Kuma idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, ina faɗa da wuri, tun ba a kai ga igiyar shanya ba.